Baƙo da Hayar Ƙasa ta Shekara 99

Ina so mu duba wata magana da ta shafi Dutse da ƙasashen da ke kewaye da ita, watau ba baƙon da ke zaune a wata ƙasa hayar fili mai dogon wa'adi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, amma raɓar da za ta kwana shekara 99 a gonar mutum, lalle ta cancanci a sake mata suna.

Kowa ya san yadda mu ke yi tun kaka da kakanni. Mutum ya kan ba maƙwabcinsa aron gona damina ɗaya ko biyu, ko ya jinginar da ita in bukata ta taso, ran da ya sami kuɗi ya fanshe abinsa. Duk wannan ana yinsa ne a gaban mai unguwa, mai gona da mai karɓa suna haɗuwa a kasuwar Shuwarin, suna gaisawa a masallaci. In gardama ta tashi, dagaci ya san ƙofar gidan kowa. Wanda ya ke zaune a bayan teku fa, wa zai aika a kira shi?

Maganar ba sabuwa ba ce. A 1910 aka kafa doka cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Kamfanin Lever ya nemi manyan filaye na dashen kwakwar manja a Afirka ta Yamma, Turawan mulki suka hana shi, sai ya tafi Kwango a 1911. Ba na cewa sun yi haka don tsananin ƙaunarmu, suna da nasu lissafi, amma dai gyaɗa da auduga suka zauna a hannun talaka mai gandu. Dokar 1978 ta zamanin Janar Obasanjo ta bi wannan sawu, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta amana. Shi ke ba da takardar izinin zama, wadda wa'adinta kan kai shekara 99. Har ma a 2017 Kotun Ƙoli ta yanke wa wani Bajamushe hukunci a kan filin dutsen Kajuru da ya saya da sunan kamfani, ta ce ba shi da ikon riƙe shi da sunan kansa. Saboda haka baƙo ya kan shigo ne ta ƙofar kamfanin da aka yi wa rajista a Nijeriya.

Ga inda gizo ke saƙa. Dokar nan ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke bisa ƙasa ce, watau gini da shuka da itatuwa. Ita ƙasar kanta ba a sa mata kuɗi ba. Sau ɗaya a ke biya. Mai gona ya karɓa, ya yi wa ɗiya aure, ya sayi babur, kafin damina uku kuɗi sun ƙare. Ɗansa da jikansa da tattaɓa kunnensa kuwa, waɗanda ba a yi shawara da su ba, su za su tashi su tarar da waya ta kewaye gadonsu. Ba a ma zancen Bafillatanin da burtalinsa ya bi ta ciki, don shi ba shi da shuka balle a ƙidaya masa.

Mun ga irin wannan a arewa da Dutse, cikin ƙasashen Gumel da Ringim. An ware wa wani kamfani na rukunin Lee, na mutanen Sin, hekta 12,000 don noman rake a Gagarawa da Taura da Garki da Sule Tankarkar, eka wajen 30,000 ke nan. Gwamnati ta ce za a sami sukari da aikin yi. Manoman ƙauyuka da yawa suka yi kuka, suka ce an mai da mai gona ɗan ƙodago a gonar ubansa. A Madagaska abin ya fi haka muni: a 2008 aka ji kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu zai karɓi hekta miliyan 1.3 har shekara 99, fushin jama'a a kan haka yana cikin abin da ya ka da shugaban ƙasar a 2009.

Kada wani ya ce ina ƙin baƙi. Jihar da aka kafa a 1991, mai riɗi da zoɓorodo da dabino da fadamu, tana bukatar mai jari da injuna, wannan ba shakka. Abin da na ke gani shi ne a gajarta wa'adi, kamar shekara 20 ko 25, in ya cika a zauna a duba ko an cika alkawari kāna a sabunta. Kuɗin haya kuma a riƙa biya kowace kaka, rabon masu gona ya shiga hannunsu da na magadansu. Mai haya ya ajiye wakili tabbatacce a Dutse, wanda alƙali zai iya aika wa sammaci. In fili ya yi damina uku ba a noma shi ba, ya koma wa masu shi. Sa'an nan a karanta yarjejeniyar da Hausa a ƙofar hakimi, da rana, kafin kowa ya dangwala yatsa.

Yawancinmu ƙauyukan nan za a tura mu koyarwa, a Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, kuma malamin makaranta a kan kawo wa takarda a ce ya karanta. In an kawo maka, fara neman layin da aka rubuta yawan shekaru, ka faɗa wa dattijon da ƙarfi, sa'an nan ka tambaye shi shekarun ƙaramin jikansa.