A Killace Bakin Ruwan Zobe

Jama'a, mu mutanen Rawayau da Kurfi da Dutsin-Ma, Allah ya ba mu dukiyar da ba kowane yanki ya samu ba, watau madatsar ruwa ta Zobe. An gama gina ta a kan kogin Karaduwa a shekarar 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, domin noman rani da ruwan sha. Ra'ayina shi ne hukuma ta killace bakin wannan ruwa, ta mai da shi gandu, tun ba mu yi da-na-sani ba.

Ga dalilina. Saiwar itace da ciyawa su ke riƙe ƙasa. Idan aka sare itatuwan gaɓa, aka yi huɗa har bakin ruwa, masu tifa kuma suka kwashe yashin rafuka, to, ruwan sama na farko sai ya ɗebo rairayi da laka ya zuba cikin tafki. Yau da gobe sai zurfin ya ragu. Ran da ya cike, ina masunci zai jefa koma? Da me mai lambu zai shayar da tumatir da albasa?

Wanda ya ke shakka ya tambayi mutanen Yusufari ta Jihar Yobe, inda tuddan rairayi ke tafiya da iska suna binne gonaki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu farga, gama dajin da ke kusa da tafkin Madarunfa gandun hukuma ne.

Na san wani zai ce, "Ai talaka za a hana wa abinci." Wannan magana abin dubawa ce, don haka kada a kori kowa. A bar wa Fulani burtali da mashaya, masunta su ci gaba da su, manoma kuwa su ja da baya kaɗan, a dasa gawo da bagaruwa da dogonyaro tsakaninsu da ruwa. Dagatai da masu unguwanni su sa ido.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, idan muka tafi hutu da damina, kowa ya dasa ko da itace ɗaya ne, ya kuma yi masa shinge saboda awaki. Iyayenmu kuma muna roƙonku ku kai wannan magana gaban hakimai. Allah ya sa mu dace, amin.