Masu Awon Zuciyar Falke

Akwai wani fannin ilmi a jami'o'in Turawa wanda malamai su ke ƙare rayuwarsu a cikinsa, watau binciken abin da ke cikin zuciyar mai kafa sana'a. Babbansu shi ne David McClelland na Jami'ar Harvard a Amurka. A littafinsa na 1961 ya ce arzikin ƙasa yana bin ƙwazon da aka dasa a zukatan 'ya'yanta. Ba mu ƙi wannan ba. Ma'aunin ne mu ke ja da shi.

A 1966 wani Ba'amurke, Robert LeVine, ya fid da littafi a kan Nijeriya. Ya sa 'yan makarantun sakandare su rubuta mafarkansu, ya auna, ya ce Ibo ne kan gaba wajen himma, sai Yarbawa, Hausawa su ne kurar baya.

To, jama'a, wa ke sakandare a Arewa a zamanin nan? Galibi yaran da a ke shiryawa aikin gwamnati da na En'e. Ɗan falke kuwa yana makarantar allo, ko yana bin ubansa fatauci. Banda haka, yaron da aka hore shi da kunya ba ya buɗe wa baƙo cikinsa. Malamin nan ya auna kunya, ya kira ta kasala.

Da ya taka zuwa Kasuwar Kurmi da ya ji wani labari. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga su ke sa rai. Fatake da manoma suka yi lissafinsu, suka zaɓi gyaɗa, har dalarta ta zama alamar birnin. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goron Gwanja ya tashi. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ya buɗe matatar mai a Ikko a 2023.

Abin tsoro shi ne, maganar da ta shiga littafi ba ta mutuwa da wuri. Mai ba da rance ya karanta ya tsuke hannu, yaro ya karanta ya rena gidansu. Saboda haka duk ɗalibinmu da zai ɗauki wannan fanni, sai ya fara zama a rumfar ɗan kasuwa, ya ga yadda a ke ba da bashi bisa amana ba takarda, kana ya ɗauki alƙalami. Gani ya kori ji.