Darasin Tobi Amusan ga 'yan kasuwar Kilomita Biyar

A watan Satumban 2025, a birnin Tokiyo na ƙasar Japan, 'yar Nijeriyar nan Tobi Amusan ta ci lambar azurfa a tseren mita 100 na tsallake shinge a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Ta gama cikin sakan 12.29, bayan Ditaji Kambundji ta ƙasar Suwizalan, wadda mahaifinta ɗan Kwango ne, da ta yi 12.24. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a rumfuna a nan Kilomita Biyar ta Bangui, ko a Garwa-Bulai da Mubi da Jibiya, labarin ya wuce mu muna lissafin kuɗin mota da na kwastan, waɗanda suka ji kuma suka ce me ya haɗa kifi da kaska. To amma idan aka natsu aka dubi rayuwar wannan baiwar Allah, za a ga labari ne da ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa, wato labarin kayan da ake fitarwa ɗanye, wasu su gyara su ci ribarsu.

Ga wanda bai taɓa kallon wannan tsere ba, shinge 10 ake jerawa, kowane tsayinsa ya kusa santimita 84, tsakanin wannan da wancan mita 8 da rabi, kuma taku uku rak ake yi a tsakani. Wadda ta kuskure taku ɗaya, ko ƙafarta ta doki shinge, ta yi asarar wahalar shekara. Saboda haka gudu kaɗai ba ya wadatarwa, sai an samu malami, da fili, da shingen kansa, da shekaru ana maimaita abu guda har ya zauna a jiki.

An haifi Oluwatobiloba Amusan ranar 23 ga Afrilun 1997 a Ijebu Ode ta Jihar Ogun, iyayenta duka malaman makaranta ne. Ta sha faɗa cewa mahaifinta bai so ta yi wasa ba, ya fi son ta riƙe karatu, mahaifiyarta ce ta tsaya mata. A makarantar sakandare aka gano tana da gudu. A 2013 ta zo ta biyu a tseren mita 200 a gasar matasan Afirka da aka yi a Warri, sannan ta koma tsallake shinge. A 2015 ta ci zinare a gasar matasa a Adis Ababa, a watan Satumban shekarar kuma, tana da shekara 18, ta ci zinaren wasannin Afirka a Brazabil, birnin da jiragen ruwanmu ke gangarawa daga nan Bangui.

Daga nan ne hanyarta ta bar Afirka. A 2016 jami'ar Texas da ke El Paso, wani gari na kan iyakar Amurka da Meziko, ta ba ta gurbin karatu, inda wata tsohuwar gwanar tseren 'yar Jamaika, Lacena Golding-Clarke, ta karɓi horar da ita. A 2017 ta zama zakarar jami'o'in Amurka, a 2018 ta ci zinaren ƙasashe rainon Ingila a Ostareliya. Sai kuma jarrabawa ta zo: ta huɗu a gasar duniya a Doha a 2019, ta huɗu a Olamfik ta Tokiyo a 2021, matsayin da babu lamba a cikinsa. Masu iya magana na cewa mahaƙurci mawadaci. Ranar 24 ga Yulin 2022, a garin Eugene na Amurka, ta yi sakan 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, ta karya tarihin duniya na 12.20 da Ba'amurkiya Kendra Harrison ta kafa a Landan a 2016. A zagayen ƙarshe ta yi 12.06, sai dai ba a lissafa shi a tarihi ba don iskar da ke tura su ta wuce ƙa'ida. Ita ce ta farko daga Nijeriya da ta ci zinare a wannan gasa. Ladan karya tarihin dala 100,000 ne, na zinaren kuma dala 70,000, duk a yini guda.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ya gyara wannan haja? Nijeriya ta haife ta, makarantar gida ta gano ta, amma filin da ta ƙware a kansa da malamarta da masu kula da lafiyarta duk na waje ne. Mun san irin wannan a fata da ƙirgi: mu fitar da su a buhu, su dawo mana takalma da jakunkuna da tsadar da ta ninka. Sa'ar Nijeriya ɗaya ita ce Amusan ba ta sauya tuta ba.

Idan mai karatu bai manta ba, wadda ta riga ta ta sauya. Glory Alozie, 'yar Jihar Abiya, ta ci azurfa a gasar duniya a Sebil ta ƙasar Sifen a 1999. A 2000, kwanaki kaɗan kafin buɗe Olamfik ta Sidni, mota ta kaɗe saurayin da za ta aura, Hyginus Anugo, wanda shi ma ɗan tsere ne, ya mutu a can. Cikin wannan baƙin ciki ta shiga fili ta ci wa Nijeriya azurfa. Shekara guda bayan nan ta karɓi takardar zama 'yar Sifen, a 2002 kuma ta zama zakarar nahiyar Turai. Francis Obikwelu ya bi irin wannan hanya zuwa Fotugal, ya ci mata azurfar mita 100 a Olamfik ta 2004. Salwa Eid Naser, haifaffiyar Nijeriya, ta ci wa Baharen zinaren mita 400 na duniya a 2019.

Kuɗi na cikin dalilan, amma sakacin takarda ma na ciki, abin da duk wanda kayansa suka taɓa kwana a boda saboda rashin hatimi ɗaya zai fahimta. A Olamfik ta Tokiyo a 2021 an hana 'yan wasan Nijeriya 10 shiga fili domin ba a yi masu adadin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari da doka ta tanada kafin gasa ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma wakiltar Amurka, ta ci mata azurfa a jifar guduma a Faris a 2024. Ita kanta Amusan ta sha da ƙyar. Doka ta ce kowane babban ɗan wasa ya riƙa sanar da inda za a same shi na awa guda a kowace rana, wanda ya saɓa sau uku cikin wata 12 ana iya dakatar da shi har shekara biyu. A Yulin 2023 aka tuhume ta da haka, a Agusta kwamitin ladabtarwa ya wanke ta, a Yunin 2024 kuma kotun wasanni ta duniya da ke Suwizalan ta tabbatar da hukuncin. A tsakanin nan ta zo ta shida a gasar duniya a Budafes, a Faris kuma ba ta kai zagayen ƙarshe ba. Azurfar Tokiyo ce ta nuna cewa da sauranta.

Yanzu mu dawo gida. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta fara zuwa Olamfik a 1968, kuma ba ta taɓa cin lamba ba, duk da cewa Maria-Joëlle Conjungo ta wakilce ta a wannan tsere na shinge a 2000 da 2004. Ƙasar da ta ci kofin Afirka na ƙwallon kwando a 1974 da 1987 ba za a ce ba ta da matasa masu jiki ba. Filin wasa mai kujeru 20,000 da Sin ta gina aka buɗe a 2006 yana nan cikin gari, tafiyar 'yan mintoci a babur daga kasuwarmu. Amma a watan da Amusan ke karɓar zinare a Brazabil, rikici ne ya sake ɓarkewa a Bangui, sa'o'inta na unguwarmu ba su iya fita daga Kilomita Biyar. Wasu cikinsu bindiga suka ɗauka da sunan kare kai, suka dawo suna karɓar haraji a ƙofar shagunanmu, har ta kai ga arangamar Disamban 2019 wadda ta ci rayuka da rumfuna masu yawa. Yaron da ba mu sama wa abin yi ba, wani ya sama masa, mu kuma muka biya kuɗin.

Mun san wasu za su kawo maganar suturar 'yan tsere mata, kuma magana ce da ya kamata a saurara. Sai dai maza ma suna da nasu tseren shinge na mita 110, wanda babu wannan damuwa a cikinsa. Ga mata kuwa, Ruƙayya Al-Ghasara ta Baharen ta ci zinaren mita 200 a wasannin Asiya a Doha a 2006 sanye da hijabi da dogon wando. Iyaye da malamai ne za su tsara yadda ya dace da tarbiyyarmu.

Gina jami'a irin ta El Paso ya fi ƙarfinmu, amma matakin farko, wanda makarantar Ijebu Ode ta ɗauka, yana hannunmu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke iya haɗa kuɗin gyaran masallaci da biyan masu gadi za su iya sa kafinta ya yi shinge 10 na katako, su ɗauki nauyin malamin motsa jiki guda, su sa kofi ga makarantun unguwa sau ɗaya a shekara, su kuma biya kuɗin motar yaron da ya yi fice zuwa gasar ƙasa. Su tabbatar kowane yaro yana da takardar haihuwa, domin ba a shiga gasar matasa sai da shaidar shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko ba a samu zakaran duniya ba, an samu yaran da ke da wurin zuwa bayan La'asar. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya a kasuwanninmu.