Bodinga da Shagari ba su da buƙatar kwamfutar naira miliyan uku

A watan Janairun 2025 kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da RTX 5090, katin zane mafi ƙarfi a jerin waɗanda yake sayar wa masu wasannin kwamfuta. Farashinsa dala 1,999, wato kusan naira miliyan uku a canjin lokacin, kafin a yi maganar kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Katin kaɗai ke nan, babu furosesa, babu allo, babu akwatin da za a saka shi a ciki.

Katin zane shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo: ciyawar filin ƙwallo, inuwar mota, gumin fuskar ɗan wasa. Yadda ya fi ƙarfi, haka hoton ke ƙara kama da gaske. Haka kuma yake ƙara shan wuta. Wannan sabon katin yana iya jan wat 575 shi kaɗai, kuma kamfanin ya ba da shawarar a haɗa shi da na'urar rarraba wuta mai wat 1,000.

Yanzu a ɗauko wannan kwamfuta a ajiye ta a wani shago mai rufin kwano a Bodinga, ko a bakin titin Shagari, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Duk wutar da ta sha zafi take komawa, tamkar an kunna dutsen guga an bar shi a ɗaki. Idan zafin ya yi yawa, kwamfutar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai mai ita ya biya kuɗin doki ya hau jaki. Ga wutar NEPA da ba ta da tabbas, ga man janareta da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023.

Duk da haka, matasan da ke bin labarin fasaha a YouTube da TikTok irin wannan kwamfutar suke gani kullum, mai gilashi a gefe da fitilu kala-kala, har wasu suka ɗauka cewa in ba ita ba babu kwamfuta. Wannan kuskure ne mai tsada, domin yana sa mutum ya fasa sayen abin da zai iya, yana jiran abin da ba zai taɓa iyawa ba.

Masu ƙera manyan katunan ma hankalinsu ya bar kan 'yan wasa. A shekarar 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto da ke Kanada suka yi amfani da katunan wasa guda biyu na Nvidia, samfurin GTX 580, suka horar da manhajar da ta doke kowa a gasar gane hotuna. Daga nan duniya ta gane cewa katin da aka yi don wasa shi ne injin ƙirƙirarriyar basira. Yau kuɗin da Nvidia ke samu daga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai ya ninka na ɓangaren wasanni sau da yawa, kuma a 2025 ya zama kamfani na farko a duniya da darajarsa ta kai dala tiriliyan huɗu.

Tasirin wannan ya iso kasuwar ƙananan masu saye. Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar RAM ta duniya, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka fara wawushe abin da suke ƙerawa, farashin RAM ya ninka a ƙarshen 2025, wani samfurin ma fiye da haka. A watan Disamba Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu sunan Crucial. Wanda ke lissafi da naira, wadda ita ma ta faɗi warwas tun Yunin 2023, duka biyu ya sha.

To ina ci gaban da ya shafi mutumin Sifawa ko Kajiji? Yana ɗaya ɓangaren, inda ba a cika haska kyamara ba.

A shekarun nan furosesa ta koyi yin aikin katin zane da kanta. Ryzen 5 5600G da kamfanin AMD ya fitar a 2021 wat 65 take buƙata, kuma tana ɗaukar wasannin ƙwallo da na tsere da dama ba tare da wani kati na daban ba, matuƙar an rage ƙyalƙyalin hoto. A 2022 kamfanin Valve ya fitar da Steam Deck, kwamfutar wasa ta riƙewa a hannu, wadda furosesarta ba ta wuce wat 15 ba. Ma'ana, abin da shekaru goma da suka wuce sai da babban akwati da fankoki, yanzu ƙaramin batir yana ɗaukar sa.

Sai kuma wani abu da ya faru a ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 kyauta. Windows 11 ba ya karɓar yawancin furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, kuma yana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Saboda haka bankuna da ofisoshi a Turai da Amurka suka shiga sauya kwamfutocin da lafiyarsu ƙalau. Da yawansu irin ƙananan nan ne masu girman littafi, Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny, kuma irin waɗannan kaya hanyarsu sananniya ce: jirgin ruwa zuwa Legas, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan Kano da sauran biranen Arewa.

Yawancin waɗannan ƙananan kwamfutoci da caja mai wat 65 suke aiki, irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka. A haɗa da allo, duka ba su kai wat 100 ba. Wutar da kwamfutar gilashi ɗaya za ta sha, ta isa ta riƙe goma daga cikinsu. Faifan sola uku ko huɗu na zamani, masu wat 500 kowanne, da inbata da batir daidai gwargwado, za su iya riƙe ɗaki mai kujera goma tun hantsi har la'asar. Rana kuwa ita ce abin da Sakkwato ba ta taɓa rasawa ba.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ya wuce maganar nishaɗi shi ne jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta. WAEC ta fara gwada hakan ga masu zana jarrabawa a kashin kansu a 2024, sannan a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya. Ana ta muhawara a kan lokacin da hakan zai yiwu, amma alƙiblar ta bayyana.

Cibiyoyin jarrabawar kwamfuta sun fi yawa a cikin birnin Sakkwato. Ɗalibin Dandin Mahe ko Danchadi da ya shiga mota da asuba don ya isa cibiya, sau da yawa ranar ce ta farko da zai zauna gaban allo da madannai. JAMB ta sauƙaƙa abin, ana iya amsa tambaya da maɓallan A, B, C, D da wasu 'yan kaɗan ba tare da taɓa linzami ba. Sai dai sauƙin maɓalli ba ya cire tsoro. Yaron da hannunsa ke rawa, yana fargabar kada ya danna wani abu komai ya goge, zai ƙone mintunan da ɗan birni ke amsa tambayoyi da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce ai kowane matashi yana da waya, kuma a kanta yake buga Free Fire da PUBG da Dream League. Gaskiya ne. Amma waya babban yatsa kawai take horarwa. Ba ta koya wa yaro inda harufa suke a madannai, ko yadda ake buɗe jaka a adana takarda, ko yadda ake cire RAM a goge a mayar. Nan ne kwamfutar tebur ta sha gaban waya da ma kwamfutar tafi-da-gidanka: ana buɗe ta da sukurdireba ɗaya, ana canza abin da ya lalace a bar sauran. Allo ya fashe, a sayi wani. Madannai sun mutu, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ga mai son koyon gyara, ita ce makarantar farko.

Wasa kuma shi ne ƙofar da yaro ke shiga da ƙafarsa ba tare da an tura shi ba. Wanda ya yi wata uku yana tuƙa mota a allo da maɓallan kibiya, ko yana neman yadda zai sa wasa ya daina sarƙewa, ya riga ya saba da na'urar fiye da wanda aka karanta wa ma'anar kwamfuta a allon aji ya haddace. Gidajen gem na PlayStation sun daɗe a garuruwan Arewa, kuma sun nuna cewa yara za su biya kuɗin zama. Abin da suka rasa shi ne na'urar da za ta yi wani aiki bayan wasa. Ɗakin da ke da kwamfutocin tebur goma yana iya zama ajin koyon buga rubutu da safe, wurin atisayen JAMB da rana, gidan ƙwallon allo da yamma. Kuɗin yamma ne zai riƙe na safe, domin ajin kwamfuta kaɗai ba kasafai yake biyan kuɗin haya a ƙaramin gari ba.

Iyaye da malamai suna da hujja idan suka ɗaga gira. An ga gidajen gem da suka zama mafakar masu gudun makaranta da islamiyya, an ga inda wasan ƙwallo ya rikiɗe ya zama caca, kuma akwai wasannin da abin da ke cikinsu bai dace da yaro ba ko kaɗan. Waɗannan matsaloli ne na tsari, kuma gari irin Bodinga ko Shagari, inda kowa ya san ɗan kowa, ya fi birni iya maganinsu. Mai unguwa da limami da shugaban makaranta suna iya zama da mai shago a yi ƙa'ida: babu ɗalibi a lokacin aji, a rufe lokacin salla, babu sa kuɗi, kuma a san wasannin da aka ɗora. A ware wa 'yan mata sa'o'insu da mace mai kula, in ba haka ba duk amfanin zai tsaya kan maza, alhali jarrabawar ba ta bambance su.

Akwai kuma haɗarin sayen gawa. Ba duk abin da kwantena ta sauke ne kwamfuta ba, wani shara ce da Turawa suka rasa inda za su zubar. Mai saye ya nemi furosesar Intel Core i5 daga zubi na shida zuwa sama, RAM aƙalla gigabayit 8, da ma'ajiyar SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, wanda ba ya jure jijjiga da ɗaukewar wuta. A kunna ta a gabansa, a bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci a ji ko fankarta na kuka. In da hali ya ƙara kuɗi ya ɗauki zubi na takwas, wadda ke karɓar Windows 11, ya fi. Wadda ta tsaya a Windows 10 kuwa, kada a riƙa shiga asusun banki da ita. Ko dai a bar ta ba intanet, ko a sa mata Linux, wanda kyauta ne, kuma aikin da Valve ya yi a kansa ya sa dubban wasannin Windows suna tafiya a kai.

Kada kuma mai shago ya yi wa yara alƙawarin abin da na'urar ba za ta iya ba. Tsohuwar kwamfutar ofis ba za ta ɗauki sabon EA Sports FC yadda ake gani a bidiyo ba, kuma manyan wasannin yau wasunsu sun haura gigabayit 100, abin da zai cinye datar wata guda kafin a gama saukewa. Tsofaffin wasannin ƙwallo da na tsere da na dabarun yaƙi su ne daidai da ita, kuma da waya ɗaya da ta haɗa kwamfutocin ɗakin yara za su kara da juna ba tare da an sayi data ba. Babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu. Duk bayan 'yan makonni a buɗe a hure, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a rufe shi da kyalle in an tashi.

Saura wa zai fara. 'Yan siyasar yankin sun saba raba babura da kekunan ɗinki da sunan tallafin matasa, wani lokaci har da kwamfutocin tafi-da-gidanka, waɗanda akan ga wasunsu a kasuwa kafin mako ya zagayo. Kwamfutar da aka girke a ɗaki ɗaya, a hannun matashin da ke cin abinci da ita, ta fi wuyar sayarwa, kuma yara da yawa ne za su taɓa ta a shekara. Shagari garin Alhaji Shehu Shagari ne, wanda malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Bodinga kuwa ta taɓa zama mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ga Sifawa inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato. Garuruwan da ke da wannan tarihi bai kamata 'ya'yansu su fara ganin madannai a zauren jarrabawa ba.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar da suka fito daga yankin ma suna iya ɗaukar ɗaki ɗaya a kowace gunduma. Sai dai lokaci ba ya jira: tsadar RAM da SSD ta fara bin kayan hannu, domin masu sayarwa sun gane cewa abin da ke cikin tsohuwar kwamfuta ya yi daraja, har wasu na cire shi su sayar daban. Wanda zai je Kano ko Legas sayen kaya, ya tafi da sukurdirebarsa, ya buɗe kowace ɗaya ya ga abin da ke ciki kafin ya biya.