Awa Ɗaya Kacal Muke Nema a Talabijin

Ɗan ƙanena shekararsa goma sha bakwai, yana zaune a Zangon Dapaong, nan arewacin Togo. Bara ya kwashi abokansa uku a kan babura suka nufi Nano, wajen kogon dutsen Nok, inda mutanen da suka gina rumbunan laka suna fakewa lokacin hare-hare. Da wayar hannu suka ɗauki fim na minti shida: wani jirgi ya sauko daga sama, baƙin da ke cikinsa suna neman irin gero domin fari ya cinye duniyarsu. Wata uku yana tace shi a tsohuwar kwamfuta kafin ya ɗora a YouTube. Mutanen Nano da suka ba su ruwa suka nuna musu hanya har yau ba su ga fim ɗin ba, saboda kuɗin data ya fi ƙarfinsu. Amma talabijin ɗin teburin mai shayi kullum a kunne yake.

Ana nan sai wani gidan talabijin ya nemi yaron, aka ce za a nuna aikinsa "don a tallata shi". Muka taru a gaban akwati. Daƙiƙa arba'in aka nuna, sauran lokacin mai gabatarwa na ta dariyar yadda gilashin wayar ya tsage. Ba a rubuta sunansa ba, ko sisi ba a ba shi ba. Wannan wulaƙanci ne da aka naɗe da yabo.

Ba kansa farau ba. Ku tuna samarin Kaduna da ake kira The Critics Company, su Godwin Josiah da Raymond Yusuff. Da fasasshiyar waya da koren ƙyalle da darussan intanet suka koyi haɗa finafinan ƙagen kimiyya. Muna tare da su a ƙasar Hausa ba mu waiwaye su ba, sai da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarinsu a watan Agustan 2019. Kemi Adetiba ta taimaka aka tara musu kuɗi, a 2020 kuma J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin finafinai biyu na Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki daga Amurka. Kowa ya ji labarin wayar. To amma cikinmu wa ya taɓa kallon fim ɗinsu Z: The Beginning daga farko har ƙarshe a talabijin? Ni dai ban taɓa ba. Talaucin yaran ake nuna mana, aikinsu kuwa a bar shi a intanet.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce jiragen sama jannati da mutum-mutumi ba al'adarmu ba ce. Ina roƙonsu su nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Labarin yaro ne da aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi, kuma da Hausa aka rubuta shi. Abin da marubucinmu ya yi fiye da shekara hamsin da suka wuce, yau ne zai zama baƙo?

Wasu za su ce finafinan ba su da inganci. Gaskiya ne, da yawa sauti ba ya fita, wasan ma da gyara. Sai dai da rarrafe yaro kan tashi. A 2009 Fede Álvarez, ɗan ƙasar Uruguwai, ya ɗora fim na kusan minti biyar a YouTube, inda manyan mutum-mutumi ke rusa birnin Montevideo. Kimanin dala 300 ya kashe. A 2013 shi ya ba da umarnin Evil Dead a Hollywood. Gidan talabijin ya tace, ya zaɓi na kirki, ai aikinsa ke nan.

Akwai kuma masu cewa yaran kwaikwayon finafinan Turawa suke yi, ana tsoron rigimar haƙƙin mallaka. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ni ma na gaya wa ɗana ya bar takubban haske ya rubuta nasa. Amma dubi yadda masu kayan suka yi: a 2002 kamfanin Lucasfilm ya haɗa kai da AtomFilms suka buɗe gasar gajerun finafinan masoya Star Wars, da ƙa'idoji a fili, aka nuna waɗanda suka yi fice a tashar Sci Fi. Su sun shimfiɗa ƙa'ida, mu kuwa mun fake da tsoro.

Batun 'yan kallo ma bai taso ba. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, ana bin Daɗin Kowa ta tauraron ɗan Adam har Sokode da Dapaong. Inda akwai 'yan kallo, masu talla ba sa nisa.

Don haka buƙatata ga gidajen talabijin na Kano da Kaduna da Yamai da Lome ƙarama ce. A ware awa ɗaya a mako. A nuna fim cikakke, ba gutsure ba. A rubuta sunayen waɗanda suka yi shi. A biya su, komai ƙanƙantar kuɗin, da yarjejeniya a rubuce wadda ta bar musu mallakar aikinsu. Wanda aka yi da Turanci ko Faransanci a sa masa fassarar Hausa.

Ɗan ƙanena ya fara maganar sayar da kwamfutar ya tafi Lome aikin kabu-kabu. Na roƙe shi ya dakata zuwa bayan damina. Masu gidajen talabijin, kada ku sa in zama maƙaryaci a idonsa.