A Ƙirga Ayun Binuwai Da Kunne

'Yan'uwana ɗalibai, mahaifina masunci ne a Lau, kullum yana cewa ayu ya yi ƙaranci a Binuwai. To, wa ya taɓa ƙirga shi? Ruwan ja ne, ido ba ya ratsa shi.

A mashigin tekun Kalifoniya na ƙasar Meksiko akwai wata dabbar ruwa, vaquita. A 1997 aka ƙiyasta su 567. Daga 2011 masana suka riƙa nutsa na'urorin sauraro suna ƙirga kukansu. Zuwa 2018 ba su kai 20 ba. A tafkin Ossa na Kamaru ma an ɗauki kukan ayu haka.

A ganina, a kawo na'urar Lau da rani. Masunta su nuna zurfin da yake ɓuya, mu kuwa mu riƙe littafin lissafi.