Zauren Iyali: Kyautar da aka yi da kara da tsumma



Abin da ya ja hankalinmu ga wannan magana shi ne wata baiwar Allah a unguwarmu da ta ƙi zuwa sunan aminiyarta. Ba faɗa suka yi ba. Da aka matsa mata da tambaya sai ta ce, lokacin da ita ta haihu aminiyar ta kawo mata turmin atamfa da sabulai, yanzu kuwa bisa al'adar biki sai ta mayar da abin da ya ɗara haka, ga shi ba ta da ko jika guda a bakin zane. Sai ta zaɓi ta aika cewa ba ta jin daɗin jikinta. Alhali kuwa duk layin an shaida babu macen da ta kai ta iya kwarashi. Da ta zauna dare uku da ɗan ulu, da ta saƙa wa jaririn hula da safa waɗanda za su raba shi da sanyin hunturu. Mun tambayi mai ɗakinmu abin da ya hana ta yin haka, sai ta ce: "Malam, ba ka san taron mata ba. A gaban kowa ake ɗaga kayan barka ɗaya bayan ɗaya. Wa zai so a ɗaga nasa a ce wance ta kawo na hannu?"

Wannan kalma ta "na hannu" ita ce ta tsaya mana a rai. Yaushe abin da hannu ya yi ya zama abin kunya a ƙasar da ake alfahari da tabarmar Madawa, da tukwanen Mirriya, da aikin dukawan Damagaram? Baƙo ya zo daga Faransa ya saye su da tsada ya rataye a bangon ɗakinsa, mu kuwa muna ɓoye namu a ƙarƙashin gado don kada a ce talauci ya kama mu.

Mu da muka tashi a gidan malamai ba mu san kayan wasan kasuwa ba sai daga nesa. Amma ba mu tuna ranar da muka rasa abin wasa. Da an yi girbin dawa, tsakar gida ta cika da kara, to kasuwarmu ta buɗe. Ga yadda ake yi, don amfanin uwar da ta manta ko wadda ta tashi a birni: a sami busasshen kara mai kauri, a ɓare ɓawonsa sili-sili, sai totuwar ciki ta fito fara, mai laushi. Totuwar ita ce katako, ɓawon kuwa shi ne ƙusa. A yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a riƙa soka silin ɓawo daga wannan zuwa wancan, sai ga gado, ga kujera, ga tabarau, ga mota har da ƙofa mai buɗewa. Ƙafafun motar daga fasasshiyar ƙwarya ake fitar da su, ko daga tsohon silifa, a huda tsakiya a zura tsinke. Yaron da ya kai shekara 6 zai iya haɗa jikin da kansa, in dai an ɓare masa karan. Kada uwa ta karɓe aikin don ta ga motar ta karkace. A bar ta a karkace. Ranar da ya gane dalilin da ya sa ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, ya koyi awon da mushe zai sha wahalar koya masa a lakwal.

Ga ƴan mata kuwa akwai ƴartsana, kuma a nan ne mukan sami tambaya daga iyaye masu tsoron Allah: shin ba siffa ba ce da aka hana? Amsa a taƙaice ita ce mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun yi rangwame a kan abin wasan yara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴaƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawuda ma har da wani doki mai fukafukai na ƙyalle a cikin kayan wasanta, wanda ya sa Annabi dariya. Akwai kuma ruwayar da ta fi burge mu, ta Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu, wadda ta ba da labarin cewa matan sahabbai sukan yi wa ƴaƴansu abin wasa da gashin tumaki ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan abinci a miƙa masa, ya shagala har rana ta faɗi. A lura, da hannunsu suka yi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, sai ya bar fuskar ba ido ba baki, yarinya za ta cike sauran da tunaninta.

Yin ta ba wuya. Totuwar masara ce jiki, gashin masara ko baƙin zare shi ne kitso. Tufafin kuwa suna can zube a ƙarƙashin keken tela, kuma ba mu taɓa jin telan da ya hana maƙwabciya ƙyallayen da zai share ya zubar ba. A ɗaura mata zane, a yi mata kallabi, a yanka wa yarinyar ɗan majanyi ta goya abinta. Uwar da ke son koya wa ɗiyarta riƙon allura, ga ƙofa ta samu: babu yarinyar da za ta ƙi koyon ɗinki in rigar Sallar ƴartsanarta za ta ɗinka.

Akwai wata kyauta da muke jin ta fi kowace zama a zuciyar yaro, wato ta ranar da aka sa shi makarantar allo. A gidanmu Inna ce ke haɗa ta, ba Malam ba, ko da yake shi ne mai makarantar. Takan sami ɗan ƙaramin duma ta yanke bakinsa ta ƙwaƙule cikin, ya zama kurtu. Ta daka gawayi ya yi laushi kamar kwalli, ta jiƙa ƙaro ya narke, ta haɗa su ta dafa ta tace da ƙyalle. Ƙaron shi ke sa tawada ta kama allo ta yi sheƙi. In ya yi kaɗan rubutu ya goge da taɓawa, in ya yi yawa alƙalami ya riƙa liƙewa. Sa'an nan a feƙe alƙalami biyu na gamba, a ɗinka ƴar jaka da ragowar yadi. Kurtun da aka ba mu ya fashe tun tuni, amma har yau ba mu wuce mai sayar da ƙaro a kasuwa ba tare da mun tuna da ita ba. Allah Ya ji ƙan iyayenmu.

Ya kamata kyauta ta riƙa komawa ta ɗaya gefen ma, daga yaro zuwa ga uwa. Ɗiyanmu sun saba da miƙa hannu a ba su barka da Salla, ba su saba da miƙawa ba. To, maigida ko yaya babba ya tara ƙanana a zaure a asirce, kwana kaɗan kafin Salla, su yi wa Inna wani abu. Mafici na kaba shi ne mafi sauƙi: a jiƙa kabar ta yi laushi, a rina kaɗan da karan dafi don a sami ja, a saƙa ɗaya bisa ɗaya, a ɗaure a jikin ɗan sanda. Waɗanda ba su isa saƙa ba sai a ba su kwali da ruwan zoɓorodo mai kauri da ɗan gangamau, ja da rawaya ke nan, su dangwala tafin hannu su buga a kai, a rubuta sunan kowa da shekararsa a ƙasa. In ana son manna wani abu, kunun garin rogo da aka dafa ya yi kauri ya wadatar. Sabuwar ƙwarya ma ana iya ba yarinya ta zana mata ado da gawayi, babba ya bi zanen da wuƙa mai zafi, sai ta zama ƙwaryar kunun kanwa ga yayarta mai jego.

Sai dai fa a yi hattara, domin abin da aka yi a gida ma yana da nasa haɗarin. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, shi ya sa muka ce babba ya ɓare. Motar gwangwani da samari ke ƙerawa tana da kyau, amma bakin gwangwanin tumatir da aka yanka ba na hannun ɗan shekara 3 ba ne, kuma raunin ƙarfe mai datti yana iya jawo ciwon sarƙewar haƙora da likitoci ke kira tetanos. In za a yi wa jariri kacau-kacau da ɗan duma da ƴaƴan tsamiya a ciki, a toshe bakin yadda ba zai buɗe ba ko an buga da ƙasa. Duwatsun ado, maɓalli da tsakuwa, duk a nisanta su daga mai rarrafe, wanda komai ya samu baki yake kai wa. Kayan kasuwa ma ba su tsira ba. Waɗannan ƴan wayoyi da bindigogin roba masu walƙiya suna ɗauke da ƙananan batura masu kama da maɓalli, kuma in yaro ya haɗiyi ɗaya ya maƙale, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2 kacal. Ba a jira, ba a sa shi amai. Asibiti ake nufa nan take.

Ba muna cewa sayen abin wasa laifi ba ne. Wanda Allah Ya hore wa ya saya wa iyalinsa, yana da lada. Abin da muke ƙi shi ne uwa ta ci bashi ko ta taɓa kuɗin adashi saboda bindigar robar da ba za ta kai la'asar ɗin ranar Salla ba, don kawai ɗan maƙwabta yana da ita.

Gyaran kuwa, a ganinmu, ya fi rataya a wuyan mai karɓa fiye da mai bayarwa. Matar da muka buɗe zance da ita ba aikin take gudu ba, taɓe bakin da za a yi take gudu. Idan mai jego ta karɓi hular kwarashi ta sa wa jaririnta nan take a gaban taro, ta ce wannan wance ce ta saƙa da hannunta, to ta rufe bakin masu tsegumi, kuma ta buɗe wa mata goma hanyar zuwa suna ba tare da bashi ba. Haka nan maigida: in ɗanka ya tarye ka a ƙofa da motar kara, kada ka ce a kwashe wannan shara. Ka tsuguna ka tambaye shi ina direba yake zama.

Ita dai baiwar Allahn nan, mai ɗakinmu ta je ta same ta bayan suna da kwana biyu, ta kai mata ulu ƙulli biyu, fari da shuɗi. Mun ji an ce ta gama hular, saura safa ɗaya, kuma tana son ta kai kafin a yi arba'in.